Baftisma a Agege ba filasha: abin da na rubuta a littafin shago

Litinin, 19 ga Mayu, 2025

Bayan Magariba maƙwabcina ya leƙo shago. Direban kamfani ne, mutumin Kafanchan, shekara huɗu ke nan ƙofar ɗakinsa na kallon tawa a nan Agege. Matarsa ta sauka a watan Afrilu, an samu mace. Za a yi wa yarinyar baftisma a cocinsu na Katolika ranar Asabar 28 ga Yuni da ƙarfe tara na safe, kuma ni yake so in ɗauki hoton.

Na ce an gama. Sai ya sosa ƙeya ya ce, "Malam, akwai magana ɗaya fa. Fadanmu, wato limamin cocin, ba ya son filasha a cikin coci. Ko ta waya ce ta haska, tsayawa yake yi sai an kashe."

Nan jikina ya yi sanyi. Shekara shida ina wannan sana'a, biki ne, suna ne, walimar sauka ce, fasfo ne, ban taɓa shiga ƙarƙashin rufi na ɗauki hoto ba tare da filasha a kan kyamara ba. Sunanmu ma ai da hantsi ake yinsa, a ƙofar gida. Ban dai nuna masa ba. Mun daidaita a kan ₦70,000: ɗauka, ƙananan hotuna 40, da babba ɗaya a firam. Ya ba da ₦30,000 kafin alƙalami.

Abin da ke hannuna: Canon 600D da na saya ta hannu, lens ɗin da ta zo da shi mai 18-55mm, batir biyu, da filashar da ba ta da rana a wannan aiki. Saura kwana 40. Zan riƙa rubuta abin da na yi a nan don kada lambobin su kuɓuce mini.

Laraba, 21 ga Mayu

Na je ganin wurin bayan La'asar. Ban taɓa shiga coci ba, iyakata bakin get in na kai wa wani hoto. Ina isa ƙofa na sunkuya na tuɓe takalmi, hulata kuwa tana kaina daram. Baba Katikis, mai koyar da addini a cocin, wani dattijo mutumin Pankshin da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam mai hoto, nan hula ake cirewa. Takalmi kam mayar da abinka."

Na ce Baba a yi haƙuri, baƙo ko da ido makaho ne.

Ginin dogo ne, rufin kwano can sama, ba silin, fankoki na reto a dogayen ƙarafa. Ko da Fada ya yarda da filasha, ba abin da zan jefa ta a kai ta dawo. Tagogin luba ne jere a bango biyu, wasu gilasan farare, wasu kore da shuɗi. Gaba wajen bagadi akwai haske daidai gwargwado, amma ba can aikina yake ba. Kwanon baftisma yana baya, hannun hagu in ka shigo, a ƙarƙashin benen da mawaƙa ke zama. Sai ka ce an nemi lungu mafi duhu a ginin aka dasa shi. Taga ɗaya ce kusa da shi, tana kallon gabas, sai wata ƙaramar ƙofa da aka garƙame da kwaɗo.

Na gwada. Na ja lens zuwa 55mm, inda bakinsa ba ya buɗewa fiye da f/5.6 (in lambar f ta ragu, bakin ya ƙara buɗewa ke nan), na kai ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, 1600, kyamara ta ba ni 1/8 na daƙiƙa a matsayin tsawon lokacin ɗauka. Da wannan jinkirin ko turmi ka ɗauka sai ya fito yana rawa. Baba Katikis ya ce da safe ya fi haka. Zan dawo a daidai lokacin da za a yi abin.

Asabar, 24 ga Mayu

Ƙarfe takwas da rabi muna wurin, ni da yaron shagona. Na naɗe filo da farin mayafi na ba shi ya rungume a bakin kwanon, ya ce shi dai bai taɓa yin irin wannan aikin ba.

Awon da na samu, duk a f/5.6 da ISO 1600: ƙarfe tara 1/20, tara da rabi 1/25, ƙarfe goma ya sauka zuwa 1/15. Rana tana shigowa ta lubar gabas zara-zara kamar zanen atamfa, tana kwanciya a ƙasa kusa da kwanon, tana ɗagawa sama tsirin na ja da baya zuwa gindin bango. Kafin goma ta fita gaba ɗaya. Wannan tsirin da ke kan siminti shi ke mayar da haske sama zuwa fuskar mai riƙe da jariri, shi ne ma mafi kyawun abin da na gani yau.

Na ɗauki hoto 60, uku ne suka fito tsaf, su ma don filo ba ya shure-shure.

Matsala ta biyu ta fi ta farko ba ni tsoro. Farin mayafin yana yaudarar awon kyamara. Ita a dokarta komai ta gani so take ta mayar da shi ruwan toka, to da ta ga fari ya cika wuri sai ta rage haske, fuskar yaron ta koma kamar gindin tukunya. Na ƙara hasken da hannu, fuska ta fito, mayafin kuma ya ƙone fat, ba a ganin ko ninki ɗaya. Baƙar fata da farar riga a firam ɗaya, ba filashar da za ta sulhunta su. Dole in bar JPEG da na saba da shi saboda masu cewa a turo musu ta WhatsApp yanzu-yanzu, in koma RAW, ɗanyen hoton da ya fi karɓar gyara a kwamfuta, in kuma riƙa saita komai da hannuna a M.

Litinin, 26 ga Mayu

Na zauna da biro na yi lissafi. Daga f/5.6 zuwa f/4 haske ya ninka biyu, zuwa f/2.8 ya sake ninkawa, zuwa f/2 ya sake. Sau takwas ke nan. A f/1.8 ya kusa sau goma. Wato inda nake samun 1/20, lens mai buɗewa f/1.8 zai ba ni 1/200 a wuri ɗaya, a ISO ɗaya. Ba dabarar da za ta maye gurbin wannan.

Abin nema dai shi ne 50mm f/1.8 na Canon. Na tambayi mutum uku ta waya, na hannu yana kaiwa daga ₦110,000 zuwa ₦140,000. Ya fi kuɗin aikin duka. A wannan aikin kaɗai kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba, amma lens ba ya ƙarewa da baftisma ɗaya. Sai bayan Sallah.

Lahadi, 1 ga Yuni

Ban yi komai a kan aikin ba. Hajiya ta kira daga Funtuwa, a cikin hira na gaya mata. Ta yi shiru jim, ta ce, "To, maƙwabci dai haƙƙinsa babba ne. Ka yi masa abin kirki."

Litinin, 9 ga Yuni

An yi Babbar Sallah ranar Juma'a. Kwana huɗu ban huta ba: filin Idi, yara da sababbin kaya, masu son a ɗauke su riƙe da ƙahon rago kafin a kayar da shi. Bayan na cire kuɗin wanki da na yaro, ₦148,000 ta rage. Gobe Ikeja.

Talata, 10 ga Yuni

Computer Village. Na zaga shago biyar, na sayi 50mm f/1.8 STM a wani ɗan shago na saman bene kan ₦115,000. Na ɗaura shi a kyamara a nan take, na ɗauki mai shagon, hoto ya fito, bayansa ya narke luf. Na biya ina murna. Memori mai 64GB ₦11,000.

Laraba, 11 ga Yuni

Ashe garaje na yi. Da dare na tsaya a tsakar gida na ɗauki ƙwan lantarkin ƙofa, sai na ga wani hazo ya kewaye shi kamar an shafa wa gilashin man kaɗe. Na cire lens, na haska fitilar waya ta bayansa, na leƙa ta gaba. Ga shi nan, wasu siraran zare kamar saƙar gizo-gizo sun bazu daga gefe zuwa tsakiya, a cikin gilashin ciki inda hannu ba ya kaiwa. Fumfuna ce. Damshin Legas ke haifar da ita in an ajiye lens a jaka ba iska. A shago ban gani ba saboda hasken yana bayana. A coci kuwa taga da kyandir za su kasance a gabana, inda wannan ciwon ya fi nuna kansa.

Laifina ne. Gwajin fitilar waya bai fi daƙiƙa goma ba, na san shi, zumuɗi ya hana ni yi.

Juma'a, 13 ga Yuni

Na koma kafin Masallaci. Da farko mai shagon ya ce shi bai san wannan lens ɗin ba. Na nuna masa hotonsa da na ɗauka da shi ranar Talata, da rigar da ke jikinsa a ranar, da kalandar bangonsa. Ya sauko. Kuɗi dai ya ce ba ya mayarwa, sai dai canji. Ya fito da wani mai tsabta, ya ce sai na cika ₦20,000, muka ja har ₦15,000. Wannan karon na haska shi gaba da baya a gabansa, na gwada fokas kusa da nesa. Jimlar lens ₦130,000. Na sayi ƙunshin garin nan mai tsotse damshi na ₦2,500, na zuba a roba mai murfi, nan lens zai riƙa kwana.

Asabar, 14 ga Yuni

Yau na fi kowace rana ƙaruwa, kuma ba daga kyamara ba.

Lambobin sun fito yadda biro ya faɗa: f/1.8, ISO 1600, 1/200. Amma sababbin matsaloli biyu sun ɓullo. Ta farko, a kan 600D lens mai 50mm yana gani ne kamar 80mm, saboda ƙaramin farantin ɗaukar hoton da ke cikinta. Na ja baya har bayana ya dafe bango, duk da haka mutum uku kawai ke shiga firam daga ƙirji zuwa kai. Na ce ko in hau benci, Baba Katikis ya girgiza kai. Ta biyu, a f/1.8 in kana nesa da mita biyu, abin da ke fitowa tsaf bai wuce santimita 11 ba, ko taƙi ɗaya bai kai ba. In fokas ya kama hancin yaron shagona, kunnensa ya tafi. Na rufe zuwa f/2.2, na samu 1/125, na ɗan sami sarari. Na kuma bar wa kyamara ɗigon fokas na tsakiya kaɗai, cikin taran da take da su shi ne ba ya laluɓe a duhu.

Ina cikin wannan na lura da wani ƙaton kyandir, ya kai ƙirjina, a tsaye kusa da kwanon. A watan Mayu gaba na gan shi wajen bagadi. Baba Katikis ya ce kyandir ɗin Ista ne, yana zama gaba har ranar Fentikos, wadda ta faɗo Lahadin da ta wuce, daga nan sai a dawo da shi wurin baftisma. Da shi za a kunna wa kowane yaro nasa.

Sai ya ce, "Ɗana, kana ta auna haske, ka san abin da za a yi kuwa?" Na ce a'a. Ya karɓi filon daga hannun yaro, ya bi da ni daki-daki. A bakin ƙofa Fada zai tambayi sunan yarinya, ya yi mata alamar gicciye a goshi, iyaye da uwar baftisma, matar da za ta tsaya wa yarinyar, su ma su yi. A zauna a yi karatu. A shafa mai a ƙirji. A yi addu'a a kan ruwan. Sannan a zuba ruwa a kai sau uku, da sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki. A shafa wani mai mai ƙamshi a tsakar kai, a sa farin tufafi, a kunna kyandir. Ya nuna mini inda Fada ke tsayawa, da cewa da dama yake zubawa, kan yaro na fuskantar taga. In na tsaya inda na yi niyya, bayan Fada kawai zan ɗauka. Wurina shi ne jikin ginshiƙin da ke riƙe da benen, taga a hagu na, fuskar jaririya a gabana. Na manna ɗan guntun salatif a ƙasa a wurin.

Na ba Baba ₦2,000 na goro, ya ƙi karɓa.

Talata, 17 ga Yuni

Da yamma matan Zumunta, ƙungiyar matan cocin, na koyon waƙa, na nemi izini na gwada ɗaukar masu motsi. Da Hausa suke rerawa, da tulu da caki, har na sami kaina ina gyaɗa kai.

An kunna dogayen ƙwayayen lantarki. Na ɗauka a 1/250, na duba: hoto ɗaya kore-kore, na biye da shi ja-ja, na uku rabinsa duhu, alhali ban taɓa komai ba. Na ɗauka sabon lens ne ya sake cuta ta. Ashe fitilun ne. Wutarmu ta Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, irin waɗannan ƙwayaye kuma suna ƙiftawa sau 100, ido ba ya gani amma kyamara mai sauri tana kama guntun ƙiftawar. Na sauko 1/100, launi ya zauna. Da aka ɗauke wuta aka tayar da janareto, ko a 1/100 sai da ya ɗan riƙa canzawa, don inji ba ya riƙe juyinsa daidai.

Biyu daga cikin ƙwayayen suna saman kwanon baftisma ne cif. Ko ba ƙiftawar, haskensu daga sama yake sauka, yana rama idanun mutane, kuma launinsa ba ya jituwa da na taga. Gara a kashe su.

Alhamis, 19 ga Yuni

Baba Katikis ya kai ni wurin Fada. Matashi ne, bai kai yadda na zata ba, kuma yana jin Hausa sosai, ya ce ya yi shekaru a Arewa. Na ce, "Ranka ya daɗe, alfarma biyu nake nema: a kashe fitilu biyun da ke saman kwanon, a kuma bar ni in tsaya jikin ginshiƙi." Ya ce ba damuwa, sharaɗinsa uku: ba filasha, ba ƙarar fokas, kada in gitta tsakaninsa da iyaye. Ya ce ba don ƙin masu hoto ba ne, ya taɓa ganin mutum biyar sun yi wa jariri rubdugu da walƙiya har iyayen ba su ji tambayar da yake yi musu ba.

Na dawo na kashe ƙarar a cikin saiti. Ƙaramar filashar da ke kan kyamara kuma na ɗaure ta da baƙin salatif, don in hannu ya goce ya juya maɓalli zuwa kore, inda kyamara ke saita kanta, da kanta take tashi.

Asabar, 21 ga Yuni

Ruwa tun Asuba. Na ji kamar in kwanta, sai na tuna Yuni ce, ba wanda ya yi mini alkawarin rana ranar 28. Na saka kyamara a leda na tafi, ruwa har ƙauri a wasu layukan.

Gwamma da na je. Ba tsirin rana, ba komai. A f/1.8 da ISO 1600, 1/50 kawai na samu, kashi ɗaya cikin huɗu na makon jiya. Na kai ISO 6400, iyakar abin da kyamarar ke bayarwa ba tare da an matsa mata ba, hoto ya fito da tsaki-tsaki kamar an watsa masa gero, fatar mutum ta yi dabbare-dabbare. A 3200 ana iya haƙuri.

Wani abokin sana'a a Ogba ya ce zai ba ni hayar Canon 6D kan ₦20,000 a yini. Ta fi tawa gani a duhu nesa ba kusa ba, kuma a kanta 50mm zai zama 50mm ɗinsa. Na yi ta juya maganar. Kuɗin na gefe, abin da ya fi tsaya mini shi ne maɓallanta ba inda yatsuna suka saba suke ba, kuma zubin ruwa uku ba ya jiran mai neman maɓalli. Na haƙura.

Ina shirin fita na sake kallon ƙaramar ƙofar nan mai kwaɗo. Baba ya ce ta baranda ce, an rufe ta ne saboda yara. Ya lalubo makulli. Ana buɗe ta awo ya tashi daga 1/50 zuwa 1/100. Ninki biyu, kyauta. Wata guda ina wucewa ta gabanta.

Laraba, 25 ga Yuni

Na shiga gaida mai jego, ta nuna mini rigar: fara sol, leshi, mai ƙyalli. Ƙyallin zai ƙone da wuri, sai in auna a kan rigar in ɗago fuska daga baya a kwamfuta. Na gwada harbi a jere da RAW: shida take yi ta tsaya tana haki kafin ta zuba a memori. In tuna: ɗaya-ɗaya, kada in danne.

Juma'a, 27 ga Yuni

Batir biyu cike, memori a share, leda biyu, tsumma. Hula a aljihu.

Asabar, 28 ga Yuni

Hadari ya haɗu tun bakwai, takwas da rabi ya kece. Na isa a jiƙe, kyamara a bushe. Ba wuta, kuma ba a tayar da janareto ba, wanda ya yi mini daidai: ba fitilar da za a roƙa a kashe. Baba ya buɗe ƙofar baranda. Na tsaya a kan salatif ɗina, na saita ISO 3200, f/2.2, 1/125.

Abin da ba wanda ya gaya mini: yara tara za a yi wa, ba ɗaya ba. Tamu ce ta bakwai. Da farko gabana ya faɗi ganin cunkoson, daga baya na gane gata ne, na samu shida na gwaji. A kan na farko na ga farar rigar Fada tana mayar da hasken ƙofa kan fuskar jariri, abin da filo bai taɓa nuna mini ba. A kan na uku na gane yana ɗan ɗaga butar kafin kowane zubi, wannan ɗagawar ita ce alamata.

Shafa mai a ƙirji ya wuce ni gaba ɗaya. Uwar baftisma ta kafa wani gwaggwaro mai faɗin faifai, ta sunkuya, shi ke nan. Ba yadda zan yi, na yi alkawarin ba zan gitta ba.

Da aka zo kanmu, wata gwaggon yarinyar ta taso da ƙatuwar waya ta tsaya cif a gabana. Kafin in buɗe baki shugabar Zumunta ta kamo gefen zanenta ta ce, "Ke, zauna mana, an biya mai hoto." Allah ya saka wa Mama.

Yarinyar na barci, hannayenta a dunƙule. Fada ya ɗaga ƙaramar butar ƙarfe. Ni kuma, duk da abin da na rubuta da hannuna ranar Laraba, na danne maɓalli. Tatatata, shida, kyamara ta tsaya, jar fitilarta na ƙiftawa. Zubi na biyu ya zo ya wuce ina kallo da ido: ta buɗe ido, ta ware yatsu. Ban samu ba. Ya ɗaga butar karo na uku, jar fitilar ta mutu, na ɗora ɗigon tsakiya a kan idonta, na danna sau ɗaya. Sai ta callara kuka, cocin ya ɗauki dariya da guɗa.

Wajen kyandir ƙofata ta ja mini magana. Iska ta shigo da feshin ruwa, uban yarinya ya kunna nasa daga babban, ta hure. Ya sake, ta sake hurewa. Baba Katikis ya ɗago ya dube ni, ni ma na dubi ƙasa. Karo na uku ya kare harshen wutar da tafin hannunsa, hasken ya cika tafin ya hau fuskarsa, ruwan zuma a gefe ɗaya, shuɗin hasken damina a ɗaya gefen. Na samu uku a nan.

Bayan an tashi na yi hotunan dangi a baranda, ruwa na zuba a bayansu, haske mai laushi, ISO 400. Da tsohon lens na yi waɗannan, don mutum 20 ba sa shiga 50mm. An cika ni da dafa-duka da kunun zaƙi. Iyaye biyar cikin sauran sun karɓi lambata. Na taya Baba goge ruwan da ya shigo ta ƙofar kafin in tafi.

Litinin, 30 ga Yuni

Hoto 412. Na zauna da su har ɗaya na dare. Shidan nan da na ɓarar a zubin farko, dukkansu fokas ya kama agogon hannun Fada, ana karanta lokaci tsaf, tara da minti hamsin, yarinya kuwa dishi-dishi. Na zubi na uku ya fito: ido tsaf, ruwan ya zama zare ɗaya mai sheƙi daga bakin buta zuwa gashinta, bakinta ya fara buɗewa, hannun uwarta a ƙarƙashin wuyanta. Akwai tsaki a inuwar, ƙafarta ɗaya ta yi motsi. Shi za a sa a firam.

Masu kyau 63 ne, na zaɓi 40. RAW ya cece ni a kan leshin, na dawo da zanensa a kusan duka. Launi ne ya ba ni wuya: in na gyara don hasken ƙofa, kyandir ya yi ja da yawa, in na gyara don kyandir, farar riga ta koma shuɗiya. Na bi fatar mutane, sauran na bar su yadda suka zo. Guda huɗu da tsakin ya yi yawa na mayar da su baƙi da fari.

Alhamis, 3 ga Yuli

Na karɓo wanki daga Ikeja. Na baranda lafiya lau, na cikin coci 22 sun fito da duhu, fuskoki sun nutse. Na fara faɗa da mai injin, ya juyo da allonsa ya nuna mini, a wurinsa ma haka suke. Allon kwamfutata ne na ƙure wa haske, ina gyara da dare a ɗaki mai duhu. Na rage shi zuwa rabi, na ƙara wa hotunan haske, na sa aka wanke ɗaya na gani kafin sauran. Asarar ₦8,800.

Lahadi, 6 ga Yuli

Na kai musu bayan sun dawo daga sujada. Mai jego ta riƙe firam ɗin ta daɗe ba ta ce komai ba. Kakar yarinya, da ta zo daga Kafanchan wankan jego, ta ɗaga ɗaya daga cikin baƙi da farin ta ce, "Ɗana, wannan ba a gama wanke shi ba ne?" Na yi bayani, ba ta gamsu ba. Zan sake mata shi da launi, da tsakinsa da komai. Maƙwabcina ya tambayi hoton shafa mai, na gaya masa gaskiya, ya ce shi ma gwaggwaron kawai ya gani. Ya cika ₦40,000.

Lissafi. Shiga: ₦70,000, da ₦25,000 daga iyaye biyar da na tura wa nasu ta waya, ₦95,000. Fita: lens ₦130,000, memori ₦11,000, maganin damshi ₦2,500, mota ₦9,000, wanki ₦16,000, sake wanki ₦8,800, firam ₦18,000, jimla ₦195,300. In an cire lens da memori, waɗanda suna nan, ribar aikin ₦40,700.

Baba Katikis ya aiko cewa akwai wata baftismar Asabar ɗin ƙarshen Yuli, iyaye biyu sun riga sun tambaye ni. Kafin nan ina son lens mai faɗi wanda ke buɗewa sosai, 24mm f/2.8 ko 35mm f/2, in ga wanda aljihu zai ɗauka. Zan kuma nemi wani abu da za a tokare ƙofar baranda da shi ta tsaya rabi, in gwada ko hasken zai isa ba tare da iska ta kai ga kyandir ba. Ranar Asabar mai zuwa zan je in auna, in Allah ya kai mu.